Filayen Kaka da Babu Su a Ƙasa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana, mahaifin babana, ya rasu wata Talata da hantsi a ɗakinsa na Birni, bayan jinyar da ba ta kai sati biyu ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Mu mata ba mu je maƙabarta ba, don haka abin da ya faru a can daga bakin Baba na ji shi. Ya ce bayan an rufe kabari, liman ya juyo ya yi roƙon da aka saba, cewa duk wanda mamaci ya saɓa wa ya dubi Allah ya yafe masa. Jama'a suka amsa baki ɗaya, "Mun yafe." Mutum ɗaya ne bai buɗe baki ba, kuma yana tsaye dab da Baba. Ƙanin Kaka ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya zauna ƙauye yana noma gonar gado. Muna kiransa Kaka na Guna. Baba ya zaci kuka ne ya riƙe masa murya. Da suka dawo zaure sai ya matsa kusa da shi ya ce, "Baffa, ɗazu ban ji ka ba."

"Ba ka ji ni ba don ban faɗa ba," in ji shi. "Sai an nuna mini filayen."

Kafin la'asar maganar ta shigo cikin gida. Mata suna zuwa, su durƙusa gaban Iya, kakata mace, su ce ya haƙuri, ta ce haƙuri sai ma'aiki. Daga nan sai idanunsu su zame zuwa ƙofar ɗakin Kaka, inda ake hango hotunan da yake bugawa jere a bango, shuɗi da ja da ruwan zuma, masu naɗi da rassa kamar hayaƙin da ya daskare.

"Wai su ke nan?" wata maƙwabciya ta tambaya a hankali.

"Ni dai tun da can ban yarda da su ba," in ji wata. "Kamar hatimi."

Wata goggonmu da ta zo daga Guna ta taɓe baki. "Hatimin me? Pilan ne, taswirar filaye. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana awon ƙasa, kya ce ya tashi hannu wofi? Ya ɓoye su ne cikin launi don kada a gane." Sai ta ɗago ta gan ni ina shigowa da ƙwaryar ruwa. "Yauwa. Ga wadda ta san inda suke nan."

Duk aka juyo ana kallona. Na ajiye ƙwaryar.

Shi ya sa nake wannan rubutu. Ina tsoron kada abin da zai rage na Kaka a bakin mutane ya zama wannan raɗar, kada kuma ya kwanta a kabari ɗan'uwansa na riƙe da shi.

Kaka jeyometir ne, mai awon filaye, a biron kadastir, ofishin rajistar filaye, ya yi aiki har ya ajiye. Ko bayan ya ajiye, awo bai bar jikinsa ba. In muna tafe cikin lungunan Birni za ki ga leɓensa na motsi, taku yake ƙirgawa. In ya shiga gidan mutane, kafin a gama gaisawa ya riga ya san katangar da ta karkace, wani lokaci har ya faɗa, Iya ta yi ta jin kunya. Ba ya son kalmar "kusan". In na ce masa na kusan gama aikin lakwal, wato makaranta, sai ya ce, "Amarya, ko kin gama ko ba ki gama ba. Kusan ba wuri ba ne."

Wani tsohon abokin aikinsa ne ya kawo masa ordinater, wato kwamfuta, da ya daina amfani da shi, ya zuba masa wani abin zane a ciki, wai ya rage masa zaman banza. Ina lise, babbar sakandare, a lokacin. Wata rana na dawo da azahar, ya kira ni.

"Amarya, ajiye jakar, zo ki ga abin da mijinki ya samo."

Na leƙa. Wani baƙin abu ne a tsakiyar gilashin, kamar gora mai ƙusumbi, gefensa duk ƙananan ƙuraje.

"Wannan mummunan ƙwaron ne ya hana ka cin abinci?"

"Matsa kusa," ya ce.

Ya danna gefen abin. Gilashin ya yi duhu, sannan hoto ya fara saukowa layi bayan layi. Ƙurjin nan da na raina ya zama wata gorar mai nata ƙusumbin, kewaye da zare-zare masu naɗi irin na kitso. Ya sake dannawa. Cikin zare ɗaya akwai wani daji, cikin dajin akwai gorar nan dai, 'yar mitsitsiya, tana zaune kamar tana jiranmu.

Fraktal ake kiransa, ya gaya mini. Ba da hannu ake zana shi ba. Ƙa'idar lissafi ce guda ɗaya, gajera, ake ba ordinater, abin da ya fito a sake mayar da shi ciki, a yi ta maimaitawa, kowane ɗigo kuma a ba shi launi gwargwadon yadda lissafinsa ya kaya. Aikin mutum shi ne yawo a ciki, ya nemo wuri mai kyau, ya zaɓa masa launi.

"Na yi rayuwata ina jan miƙaƙƙen layi a kan ƙasa," in ji shi ranar, "alhali ƙasa ba ta da miƙaƙƙen layi ko ɗaya. Dubi bakin kori, inda ruwan damina ke bi. Dubi duwatsun nan na bayan gidanmu. Dubi reshen gawo, kowane ƙaramin reshe gawo ne shi ma. Sai da na tsufa aka nuna mini lissafin da ya san haka."

Tun daga nan ya zama matafiyi a kan kujera. Ordinater ɗin tsoho ne, in an nutsa da nisa hoto ɗaya sai ya ci rabin wuni kafin ya gama saukowa. Kaka ya haɗa shayi ya zauna yana jira, ba ya gajiya. In ya fito cin abinci sai ya ce wa Iya, "Yau na je nesa." Ta ce, "Sannu da hanya, ka zo mana da tsaraba?" Ya ce, "Na samu wani wuri, babu wanda ya taɓa taka shi." A gaban baƙi ma haka yake faɗa, ba ya lura da yadda suke kallon juna.

Kuma jeyometir ba ya samun wuri ya bar shi babu shaida. Duk hoton da ya buga, sai ya juya bayansa ya rubuta dogayen lambobi biyu masu nuna inda wurin yake cikin lissafin, da lamba ta uku mai nuna zurfin da ya nutsa. In babu su, ya ce, ko shi ba zai iya komawa ba. A saman lambobin yakan rubuta suna. Sunayen ne suka jawo mana abin da suka jawo, domin duk na wuraren ƙuruciyarsa ne a Guna. Bayan Kori. Gindin Giginya. Rijiyar Mata. Fadamar Baba. Wanda ya taɓa riƙe takardar parsel, shaidar mallakar fili, a hannunsa, in ya ga suna a sama da lambobi a ƙasa da rubutun jeyometir, ban ga laifinsa ba in zuciyarsa ta tafi inda ta tafi.

Wajen bugawa ne kaɗai na san Kaka da faɗa. Akwai wani mai shagon buga takardu a Zango, can yake kai kle ɗinsa, ɗan abin nan da ake kwafe hotuna a ciki, ni ce ke raka shi. Abin da gilashi ya nuna da haske, takarda da tawada ba sa iya mayar da shi daidai, Kaka kuwa bai taɓa yarda da wannan ba. Wata rana aka fito masa da hoto, ya ɗaga shi a bakin ƙofa, ya zaro wani yankin tsohon zanen Iya na rini daga aljihu ya kara.

"Wannan ne shuɗin da na ce?"

"Baba, shuɗi ne mana."

"Ruwan wanki ne. Dubi nan, dubi nan."

"Baba, inji ne fa, ba marina ba."

"To ka rubuta a ƙofa cewa ba ka da shuɗi, mutane su daina wahalar zuwa."

Ya fita yana cewa ƙafarsa ba za ta sake taka shagon ba. Kwana uku ya yi. A na huɗu ya koma da goro a aljihu, suka zauna su biyu suna buga 'yan ƙananan gwaji, suna ƙara duhu kaɗan-kaɗan, har suka samu wanda Kaka ya kalla ya ce, "Ba shi ba ne, amma ɗan'uwansa ne." Mutumin nan ya zo gaisuwa ranar uku. Ya yi kuka a zaure kamar ɗan gida, sannan ya sa aka kira ni ya miƙa mini takarda a naɗe, hoton ƙarshe da Kaka ya kai bai samu karɓa ba. Mutanen Guna suna zaune suna kallo. Ban kai ƙofar cikin gida ba na ji wani yana cewa, "Kun gani? Har yanzu takardu na isowa."

Shekarar da na faɗi bak, jarrabawar gama lise, kwana biyu ban fita ɗaki ba. Kowa ya zo ya yi mini nasiha, ban da Kaka. A rana ta uku ya aiko a ce in zo, ya tashi daga kujerarsa, wadda ko Baba ba ya zama a kai, ya ce in zauna. Ya ɗora hannuna a kan suri, ɗan abin nan da ake dannawa.

"Tafi," ya ce. "Duk inda kika ga dama."

"Ban san hanya ba."

"Babu hanya. Shi ne daɗinsa."

Na yi ta nutsawa ina hawaye, har na manta da hawayen. Na tsaya a wani wuri mai kama da ruwan sama in ana hango shi daga nesa yana sauka a kan wani gari. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya rubuta lambobin. Da aka bugo shi, a bayan takardar, ƙarƙashin lambobi, ya ƙara layi ɗaya: "Amarya ce ta gano shi." Bai ce mini komai game da jarrabawa ba, ranar ko bayanta.

Abin da ke tsakaninsa da ƙaninsa ya girme ni. Tun kafin a haife ni, rigimar iyaka ta tashi tsakanin gidanmu da maƙwabtan gona a kan wani gefe na fadamar mahaifinsu. Kaka na Guna ne da kansa ya nace a kira yayansa ya auna, maƙwabtan kuma suka yarda. Kaka ya je, ya auna, ya kafa turakun siminti inda awo ya nuna, sai gefen ya faɗa wa maƙwabta. Daga baya, da gari ya fara faɗaɗa ana yanka parsel, sai magana ta tashi a ƙauye cewa da filaye aka biya shi. Babu wanda ya taɓa ganin fili ko ɗaya. Rashin ganin ne ma ya ƙara wa maganar ƙarfi.

'Yan shekarun baya Kaka ya aika wa ƙaninsa hoton da ya fi so, wanda ya kira Fadamar Baba, ba tare da wasiƙa ba. Na tabbata sulhu yake nema, da irin harshen da ya iya. Kaka na Guna ya sa aka karanta masa bayan takardar, ya hau mota ya kai ta meri, ofishin magajin gari, ya ce a nuna masa inda wannan fili yake. Aka duba aka ce masa lambobin nan ba su cikin taswirarsu. Ya dawo gida ya ce, "Ai na faɗa. Ya iya ɓoyo."

Dole in faɗi wani abu a kaina, tunda gaskiya nake so a riƙe. Ranar biyar da rasuwa, ni ma zargin ya shige ni. Na san fraktal, na san lambobin. Amma in mutum goma suka kalle ki da ido ɗaya, sai ki fara tambayar kanki. Me ya sa sunayen duk na Guna ne? Me ya sa akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa kullum a kulle? Na roƙi Iya makulli, na ce farin zane nake nema. Ta dube ni, ta san ƙarya nake, ta ba ni. A ciki na tarar da igiyar awonsa a naɗe, da tsofaffin alƙaluma, da kwafin pilan ɗaya tak, na fadamar nan, mai miƙaƙƙun layuka, takardar ta yi laushi saboda yawan buɗewa. Na mayar da komai yadda yake. Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba.

Ranar bakwai, bayan an shafa addu'a da safe, mutanen Guna suka fara ɗaure kaya. Na ce wa Baba in Kaka na Guna ya tafi yau da abin nan a ransa, ba zai sake dawowa da shi a sauke ba. Baba ya fita ya shigo da shi ɗakin Kaka.

Ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana bin bango da kallo. Na nuna masa kujera, ya ƙi.

"To, 'yar lakwal. An ce ke ce magajiya."

"Kaka, zaɓi duk takardar da ka ga dama a bangon nan."

"Don ki ba ni wadda kika shirya?" Ya sa hannu cikin riga ya zaro tasa, Fadamar Baba, ta sha ninki har ta fara rabuwa. "Da tawa na zo."

Ba ya karatun boko, amma ya san lambobi. Shi ya riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya, yana kare takardar da tafin hannu, ni ina shigarwa. Na danna. Hoton ya fara saukowa. Ya kara tasa a gefen gilashin, yana duban wannan yana duban waccan, har layin ƙarshe ya sauka. Iri ɗaya ne.

"Da ma kin adana shi a ciki."

"To canza lamba ɗaya. Wadda kake so."

Ya zaɓi wata bakwai ya ce a mai da ita uku. Wani hoto dabam ya fito, babu abin da ya haɗa shi da na farko.

"Kin matsar da turke ke nan," ya ce, amma muryarsa ta ragu.

Na mayar da bakwai ɗin. Na ce ya zauna ya nemi turakun da kansa. Wannan karon ya zauna, a bakin kujerar, kamar za ta ƙone shi. Hannunsa ya saba da ƙotar hauya, suri ya ɓace a cikinsa. Na nuna masa inda zai danna. Ya danna, muka jira. Ya sake dannawa, muka sake jira. Rassa suka buɗe suka zama wasu rassan. Baba yana tsaye a bakin ƙofa. Mun daɗe a haka.

"Ina iyakarsa?"

"Ba shi da iyaka, Kaka."

"Wa ke maƙwabtaka da shi ta gabas?"

"Babu kowa."

"A wace ƙasa yake?"

"Ba ya ko'ina. Lissafi ne kawai da launi."

Ya saki suri. Na zaci zan ga sauƙi a fuskarsa. Abin da na gani ya fi kama da na wanda aka yi wa sabuwar rasuwa.

"Ashe babu komai," ya ce. Ya juya wajen Baba. "Shekara da shekaru ina cewa sayen sa aka yi. In sayen sa aka yi, na san dalili. Mutum ya ga abin duniya, ya bar ɗan'uwansa, ana yi. Yanzu kuna gaya mini ba a ba shi komai ba. Haka kawai ya dubi igiyar awonsa, ya dube ni, ya zaɓi igiya."

Daga bayan labule muryar Iya ta fito, tana zaune inda take takaba, ashe duk tana ji.

"Ranar da ya dawo daga awon nan, kwana uku tuwo bai shiga bakinsa ba. Kai ba ka sani ba, ni na sani. Kuma ka taɓa ganin ya sake taka fadamar? Kunyarka yake ji. Wata guda ya yi a kan kujerar nan da kake zaune, yana neman inda ya yi kama da ita."

Kaka na Guna ya ɗauki takardarsa ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe yana kallo, wannan karon gabanta yake kallo ba bayanta ba.

"Bai yi kama ba," ya ce. "Korin hagu yake karkata, nan ya sa shi dama. Giginyar ma ba nan take ba." Ya bi wani shuɗin zare da ɗan yatsa. "Ya manta. Wawa, ya manta."

Ya tashi ya fita ba sallama. Na bi bayansa har ƙofar zaure na laɓe. Liman yana sa takalmi zai tafi.

"Malam, dakata," in ji Kaka na Guna. "Ranar nan ka yi tambaya ban amsa ba." Ya juyo ya fuskanci jama'a. "Na yafe masa. Duniya da lahira. In akwai nawa a wurinsa, Allah Ya sa ya yafe mini kafin ya tafi."

Liman ya cire takalmin ya koma ya zauna, aka ɗaga hannu aka sake addu'a.

Ba zan ce zargin ya mutu gaba ɗaya ba. Goggon nan har ta shiga mota tana cewa ordinater ai abin da aka gaya masa yake nunawa. Wataƙila za ta tafi da wannan har ƙarshen ranta. Amma wanda hakkinsa ya hana ni sukuni ya sauke, a gaban shaidu.

Da mota za ta tashi, Kaka na Guna ya leƙo ta taga ya yafito ni.

"'Yar lakwal."

"Na'am, Kaka."

"In damina ta sauka, ki zo Guna. In kai ki fadamar ki ga yadda korin yake karkata." Ya gyara takardar a cikin rigarsa. "Sai ki dawo ki gyara masa."

Na ce to.

Ya Allah, bawanKa ya auna wa mutane ƙasa bai tauye kowa ba, ko da awon ya faɗa a kan gidansu. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.